Ranar da Aka Karya Husaina

Ko na tsufa na manta sunan jikokina, ba zan manta ranar da ɗiyar wana ta tara mutanen ƙauyenmu ta karya azarar kankare a gabansu ba.

Tsakaninmu da hanyar Shagari akwai wani rafi da ke raba mu da duniya duk damina. Albasata ta sha ruɓewa a rumbu ina kallo, don babu motar da za ta ƙetaro. Da yarinyar ta gamo karatun injiniya a Sakkwato, muka yi gayya, muka tara yashi da tsakuwa da siminti, ta ɗaura rodi, aka zuba ƴar gada. Amma ta sa an zuba wata azara daban a gefe, iri ɗaya sak da waɗanda ke ɗauke da gadar. Da aka tambaye ta, sai ta ce tagwaye ne, ta gadar Hasana, ta gefe Husaina. Wasa ta yi, sunan kuwa ya bi su.

Da kankaren ya ƙosa, ta ce kafin mota ta hau sai an gwada Husaina. Aka ɗora ta kan tubala biyu, ta ja zare a ƙarƙashi don ta ga yadda cikinta ke sauka, samari suka shiga jibga mata buhunan yashi. Tana aunawa, tana cewa a ƙaro. Aka wuce nauyin da ta ce motar albasa za ta ɗora wa azara guda, Husaina ko gezau. Ni dai na so a tsaya nan a yi fatiha, amma ta ce a ci gaba. Can sai ga tsaga siririya kamar gashi, wata ta biyo, azarar ta fara sunkuyawa.

Nan wuri ya yamutse. Gwaggonmu, wadda ta haifi tagwaye ta kuma san halinsu, ta ce ai an gama, abin da ya sami Husaina ya sami Hasana, ba a taɓa ɗaya ɗayan ya kwana lafiya. Direban da muka lallaso daga Boɗinga ya tada motarsa zai juya. Raina ya ɓaci ƙwarai, don albasata na ɗaure a buhu, hadari kuma ya fara haɗuwa a gabas. Na daka mata tsawa: "Ke! Mi kiy yi muna haka?"

Ta rusuna, ta ce, "Baffa, zo ka gani. Ta tsage, amma ta faɗi?"

Na duƙa na leƙa. Ba ta faɗi ba. Rodin na riƙe da ita, ga tulin yashi a kai. Ta bayyana mana cewa abin da take son gani ke nan: azarar kirki sai ta sha nauyi fiye da ƙima, sannan ta tsage ta sunkuya, ta ba mutane lokacin sauka. Wadda ake tsoro ita ce mai shiru, sai dai a ji rim. Ta juya wajen gwaggo ta ce Husaina ta ɗauke wa ƴar'uwarta wahalar ne. Tsohuwa ta ce to wannan kam halin tagwaye ne.

Direba bai yarda ba duk da haka. Na ɗauro shanuna a amalanke, na loda albasa har tana zuba, na hau gadar. Na ƙetare, na dawo, na sake ƙetarewa. Kunya ta kama shi, ya biyo ni da motar a hankali, mata suka rangaɗa guɗa.

Husaina na nan ƙarƙashin dalbejiya da tsagarta, a kanta muke zama hira. Tun ranar na daina raina wanda ya ce ya gaji, ko mutum ko gini. Wanda na fi sa wa ido yanzu shi ne mai cewa lafiya lau alhali kaya sun yi masa yawa.