Tambayoyin Matar da Ban Taɓa Gani Ba

Muna zaune a Burumburum lokacin da 'yata ta fari ta cika shekara biyu. Ba ta magana, in na kira ta ba ta juyowa. Idan ruwa ya ɗauke, sai ta zauna gindin indararo tana kallon ɗigo, kamar ana ba ta labari.

Ranar rigakafi, malamar asibiti ta tambaye ni, "Maman yarinya, in kin nuna mata tsuntsu, tana duban inda kika nuna?"

Na ce a'a. Ta ƙara wasu tambayoyin a hankali, sannan ta ce wataƙila galahanga ce, larurar da ke hana yaro sakewa da mutane. Ita ta tura mu Kano, inda daga baya aka koya mini wasa da 'yata har ta fara furta kalmomi.

Malamar ta ce wata mai bincike a ƙasa mai nisa ce ta tsara tambayoyin. A kan babur muna komawa gida, 'yata na barci a ƙirjina, na riƙa hango matar zaune a tabarma irin tamu, ta yi shiru tana jiran wani yaro ya ɗago kai.