Kaɗo Biyu a Layi Ɗaya

Ni tela ne a Jimeta, kuma tun ina saurayi aka san ni da abu biyu: ɗinkin kaftani mai kyau, da gardama. Ɗinkin na gada daga mahaifina. Gardamar ban san inda na samo ta ba, amma na riƙe ta fiye da yadda na riƙe sana'ar. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba. Sai dai ina sauraron rediyo da yawa, kuma duk abin da na ji sau ɗaya nakan ɗauke shi kamar ni na gano shi. Yanzu da furfura ta cika mini gemu ina iya faɗar wannan ba tare da na ji zafi ba.

Shagona yana kallon shagon wani mai aski, Bafulatani mai yawan dariya. Yana da benci biyu a waje da talabijin da yake juyowa ta fuskanci titi. Da an sallame la'asar, nan ne majalisarmu. Wanda muke bango ɗaya da shi kuwa Ibo ne, Kirista, haifaffen unguwar Demsawo a nan Jimeta. Mahaifinsa ya zo tun zamanin da jiragen ruwa suke hawowa Binuwai da kaya. Kayan gyaran babur yake sayarwa, da aka hana hawa babur a gari sai ya koma kayan keke mai ƙafa uku da na injin ban ruwa. Shekara fiye da ashirin muna maƙwabtaka. Yana ce mini Hamma, wato yaya da Fulatanci, ni kuma ina ce masa Oga. Hausarsa irin ta Jimeta ce, mace da namiji duk "ya" ne a bakinsa. Nakan yi masa dariya a kan haka, alhali mahaifiyata ma haka take magana har ta koma ga Allah.

Babu abin da ba mu yi gardama a kai ba. Wa ya fara zama a bakin ruwan Jimeta. Wa ya jawo yaƙin basasa. Ko annabawa nawa ne littafinsu ya ambata waɗanda namu ma ya ambata. Yakan bar ni in yi ta zuba, in na gama ya jefo tambaya ɗaya da ba ni da amsarta, ni kuma sai in ɗaga murya. Da magariba ta yi kowa ya tashi, gobe mu gaisa kamar ba a yi ba.

Sai shekarun tashin hankali suka zo. Mutane daga arewacin jihar suka cika gari da gudun hijira, gidana na unguwar Gwadabawa ma sai da muka sauki iyali biyu. Aka kai hari coci, aka kai masallaci, bam ya tashi a kasuwa. Ibo da yawa suka kwashe iyalansu. Wata safiya ina yanka yadi Oga ya jingina da ƙofata ya ce, "Hamma, madam ya ce mu tattara mu tafi. Na ce masa ina za ni? A can kudu ma in na je Kirsimeti, Bahaushe suke kirana."

Na ji wannan da kunnena. Ina so a riƙe shi, domin shi ne ya sa abin da na yi bayan kwana huɗu ba shi da uzuri.

Ranar, mai aski ya sa wani fim ɗin Hausa na barkwanci. A ciki akwai wani da ya fito a matsayin Ibo, da jar hula da ƙaton tumbi, yana karya Hausa yana sayar wa mutane jabun kaya. Majalisa tana ta dariya. Oga ya girgiza kai.

"Kullum haka ne. In Ibo ya fito a fim ɗinku, ko ɗan damfara ko mai maganin jabu. Ba ku taɓa ganin Ibo yana zaune yana cin abinci da yaransa ba?"

Na ce, "Ku fa? A naku fim ɗin Bahaushe ya taɓa wuce maigadi? Yana buɗe ƙofa yana washe haƙora, ana ce masa aboki."

"Wannan ma ba daidai ba ne. Na yarda."

Da a nan na tsaya da an tashi lafiya. Amma ni ba na son a yarda da ni da wuri, sai in ji kamar an ƙwace mini abinci ina tsaka da ci. Na jawo yaƙin basasa. Ya ce mu bar matattu su kwanta. Na ce ai ku kuka fara. Ya ce to su wa suke yin na yanzu, da sunan wane addini? Na ce ba addinina ba ne, mu suka fi kashewa, ka zo gidana ka ga waɗanda suka kora. Ya ce ya sani, amma shi ne yake shiga coci ranar Lahadi ana laluben jikinsa a ƙofa, yaransa na tambayarsa dalili. Ni kuma na ga kamar majalisa ta fara karkata gare shi.

Na ce, "In garin ya ishe ka, mota tana tashi kullum. Ai dama kai baƙo ne. Mu 'yan gari ba mu da inda za mu."

Ba wanda ya yi dariya. Oga ya dube ni, ya miƙe, ya ce, "To, Hamma." Ya ja ƙofar shagonsa ya sa kwaɗo, ko magariba ba ta yi ba.

Washegari bai buɗe ba, jibi ma haka. Ina ta gaya wa kaina fushi ne, zai huce. Ranar Alhamis mai aski ya tsallako titi ya ce mini, "Mutuminka ya yi magana da babbar mota. Litinin za su loda, har kayan shago."

Na ce, "Matarsa ce ta matsa masa."

Ya ce, "Matarsa ta daɗe tana matsa masa."

Ranar Juma'a na hau keke zuwa Mbamoi a cikin Yola, in kai wa kawuna kaftaninsa. Yayan mahaifiyata ne, Bafulatani, tsohon malamin firamare da ya koma noman rani. A wurin Oga yake sayen kayan injinsa, don haka bayan gaisuwa ya tambaye ni shi. Na ba shi labari yadda na tsara shi a hanya, ina jiran ya ce na kyauta ko aƙalla ya ce laifin na kowa ne.

Kawu bai amsa da Hausa ba. Ya shiga magana da Fulatanci, doguwa, a hankali, yana kallon idona. Na tsinci "kai" da "shi" da "gari". Sauran ta wuce ni. Da ya gama ya ce, "Ka ji?"

Na ce, "Kaɗan, Kawu."

"Da Ibon nan na faɗa wa, da ya ba ni amsa har da ƙari." Ya gyara zama. "Ka tuna abin da yaran unguwar nan suke ce maka in ka zo hutu?"

Na tuna. Ɗan kaɗo. Kaɗo shi ne sunan da Fulani suke kiran duk wanda ba Bafulatani ba. Mahaifina Bahaushe ne daga ƙasar Katsina, ya iso Jimeta da kan keken ɗinki a cikin buhu. Har ya rasu, wasu daga dangin mahaifiyata ba su taɓa kiransa da wani suna ba sai wannan. Ina yaro na sha komawa bayan ɗaki in yi kuka saboda kalmar.

Kawu ya ce, "Sai da na ɓata da 'yan'uwana kafin a ba babanka ƙanwata. Cewa suka yi baƙo ne, wata rana zai ɗauke ta ya tafi. Ga kabarinsa can, bai je ko'ina ba. Yanzu ɗansa ne yake raba takardar zama ɗan gari." Ya yi 'yar dariya. "A bakinmu fa, kai da Ibon nan suna ɗaya gare ku. Kai kaɗo, shi kaɗo. Shi dai yana jin Fulatanci."

Babu abin da Kawu ya faɗa wanda ban sani ba, kuma nan ne babban laifina. Shekara da shekaru in ana zancen asali a majalisa, gidan kakana na Mbamoi nake ambata. Ban taɓa ambatar garin mahaifina ba. Ƙarya ban yi ba, amma na bar mutane su ɗauka ni Bafulatanin cikin Yola ne, kuma na ji daɗin hakan.

Asabar da hantsi na tafi Demsawo. Matarsa ce ta buɗe mini ƙofa. Da, in na je, takan ce "Hamma, sannu da zuwa" ta kawo ruwa. Ranar sai ta matsa gefe kawai. Falon cike yake da kwalaye an ɗaure da igiya. Oga yana durƙushe yana naɗe hoton mahaifinsa da tsohon zane.

Na ce, "Oga, na zo ba ka haƙuri. Maganar da na yi ba ta da kyau, kuma ba gaskiya ba ce."

Bai ɗago ba. "Na haƙura, Hamma. Ba fushi nake ba."

"To a kwance kayan nan."

"Ba haka yake ba." Ya zauna a kan wani kwali. "Kullum madam ya ce mu tafi, amsata ɗaya ce. Nakan ce masa in abu ya ɓaci, mutanen layinmu za su ce wannan namu ne. Kai nake fara ambata. To ka faɗi naka a gaban kowa, kuma ba wanda ya ce maka a'a. Yanzu me zan gaya masa?"

Matar ta ce daga bakin ƙofa, "Haƙurin cikin ɗaki ba ya tsare mutum a titi."

Na ce, "Ka zo majalisa yau. Inda na faɗa, can zan janye."

"Ban ce zan zauna ba fa."

"Ka dai zo."

Ya zo, bayan la'asar, ya tsaya daga gefe kamar mai jiran keke. Na roƙi mai aski ya kashe talabijin. Na miƙe na ce ni na ce wa mutumin nan baƙo, kuma ina so a san wanda ya faɗa. Na faɗi garin mahaifina, da buhun da ya zo da shi, da sunan da ake kirana a Mbamoi. Na ce mahaifin Oga ya riga nawa sauka a Jimeta. Na ce in shi baƙo ne, to ni na fi shi baƙunta, in kuwa ni ɗan gari ne, shi yayana ne a garin.

Sai mai aski ya ajiye almakashi ya ce, "Bari mu gwada kaɗon nan biyu." Ya dube ni ya gaishe ni da Fulatanci, "Jam na?" Na ce, "Jam." Ya tambayi gida, na amsa. A ta uku na tsaya ina kallonsa. Ya juya ga Oga, suka shiga gaisuwa, gida, yara, kasuwa, gajiya, zafin rana, Oga yana amsawa yana mayarwa, har ya ƙara da wata magana da ta sa mai aski ya riƙe ciki. Har yau sun ƙi fassara mini ita.

Majalisa ta ɓarke da dariya, ni ma na yi, kuma ban taɓa jin daɗin dariyar da aka yi mini kamar wannan ba. Wani makanike ya ce shi ma kakansa daga Borno ya zo. Wani direban keke ɗan ƙabilar Bata, wanda bai cika magana ba, ya ce, "In zancen 'yan gari ake, duk ku tashi ku ba ni bencin, har mai askin." Mai aski ya ce wa ya kafa Yola in ba Fulani ba. Nan take sabuwar gardama ta tashi, kuma karo na farko a rayuwata na zauna na yi shiru ana yi. Ban san lokacin da Oga ya zauna kusa da ni ba. Sai ji na yi ya ce a hankali, "Hamma, matsa, ka cika benci."

Ranar Litinin motar ta zo, amma ba ta ɗauki kayan shago ba. Matar ta ce ita dai sai ta kai yara wurin mahaifiyarta har a ga yadda gari zai yi, kuma ban ga laifinta ba. Shi ya zauna. Ni da makanike muka taya shi mayar da kaya kan kanta, yana ta faɗan mun haɗa masa kayan keke da na injin ruwa. Shagon yana nan har yau, babban ɗansa ne a ciki.

Wata bakwai matar ta yi a can. Na ji labarin sun dawo, amma ban iya zuwa gaishe ta ba, kunya ta hana ni. Bayan kwana biyu ina kan keken ɗinki sai inuwa ta tare mini haske. Ita ce, da leda a hannu. Ta zazzage yadin kayan makaranta a kan teburina, ta tura yaran uku gabana.

"Hamma, auna su. Litinin za su koma makaranta, kar ka yi mini alkawarin teloli."

Na ɗauko tef na fara da ƙaramar. Ranar Asabar da safe na kai musu kayan har gida, a goge.