Eriyar Motar Baba

Na daɗe da sanin ba ni da wayo, amma sai da soja suka ce za su miƙa mulki ga farar hula na ga iyakar wautata. Mutumin da ya tsaya a aji uku na firamare, wai shi ne zai yi wa yayansa da surukinsa dabara a lokaci guda.

Mahaifinmu ya rasu ya bar wata tsohuwar mota a kangon bayan gidanmu a Madabo, kaji na yin ƙwai a kujerar baya. Ranar rabon gado kowa ya kau da kai, ni na ce a ba ni. Shekara biyu ina fama da ita. Bakanike ya tashi inji, mai fenti ya mayar mata da launin madararta na da, kujeru kuwa ni na ɗinke su da jar fata, don dukanci ne sana'ata. Abin da na fi so a jikinta shi ne eriyar rediyo, doguwa siririya a gefen gilashin gaba, tana rausaya in na shiga gargada.

Sai ga siyasa. A lokacin duk motar da ke da eriya ta sami sandar tuta ke nan. Yayana yana wata jam'iyya, surukina Alhaji yana wata. Ran Juma'a Yaya ya ɗaura min tutarsu, ya ce, "Motar ubanmu ce, kada in ga wani tsumma a kanta." Ran Asabar na je gaida Alhaji. Ina durƙushe a zaure ya fita da kansa, ya kwance ta Yaya, ya ɗaura tasa, ya dawo ya ci gaba da amsa gaisuwa. Ba na iya musu da Yaya, Alhaji kuwa ko ido ba na haɗawa da shi. Matata ta ƙara da cewa duk ranar da na je gidansu da tutar Yaya, in dawo in tuƙa tuwona da kaina.

Na yi sati uku ina tsayawa a lungu ina canza tuta, na gaji. Na kai motar wurin wani mai gyaran rediyo a Ƙofar Nassarawa, na ce ya ɓoye min eriyar.

Ya ce, "Malam, eriya iska take sha. In ka kulle ta cikin ƙarfe, shuu kawai za ka riƙa ji."

Na ce, "Ni shuu ɗin nake so."

Ya kwance ta, ya ƙara mata waya, ya kwantar da ita a but ɗin bayan motar ƙarƙashin tabarma, ya toshe ramin da roba. Na dawo gida da fuskar tausayi na ce ɓarayi sun zare ta a kasuwa. Yaya ya ce aikin mutanen Alhaji ne. Alhaji ya ce Allah ya shirya mutanen Yaya. Ni kuwa na sami lafiya, har ƙiba na fara.

Ranar da za a faɗi sakamakon zaɓen gwamna, Alhaji ya zo unguwarmu ɗaurin aure, ya tsaya sallar la'asar. Ana idarwa wuta ta ɗauke, rediyon majalisarmu kuma batirinsa ya mutu. Jama'a suka yo kan motata. Na kunna, ta ce shuu. Na murɗa, ta ƙara cewa shuu.

Da na yi shiru, da shi ke nan. Amma Yaya ya dubi mutane ya ce, "Motar da a hannun Baba take kamo tashoshin ƙasashen waje, ga shi wannan ya mayar da ita kurma. Fata kawai ya iya."

Ni a zage ni ban damu ba, amma ban da motar nan. Ban san lokacin da na zagaya na buɗe but ba. Na ɗaga tabarma, na zaro eriyar, na ɗaga ta sama. Nan take murya ta fito tangaran. In na sauke hannu ta shaƙe, in na ɗaga ta dawo. Aka ce, "Tsaya haka, kada ka motsa!" Wani ya kawo turmi aka ɗora ni a kai.

Haka na tsaya, hannu a sama, ana karanto ƙananan hukumomi ɗaya bayan ɗaya, kafaɗata kamar za ta cire. Sai a wajen ta biyar na tuna abin da ke hannuna, da waɗanda na ce sun sace shi. Na saci kallo. Yaya ba rediyo yake saurare ba, ni yake kallo, ya riga ya zaro tutarsa daga aljihu. Alhaji ya matso a hankali yana gyara babbar riga, shi ma da tasa a hannu. Ya dubi eriyar, ya dubi but ɗin, sannan ya ɗago kai.

Ya ce, "Malam, ɓarayin nan naka akwai riƙon amana. To, tunda yanzu kai ne sandar, ta wa za a ɗaura maka?"