Igiyar Ɗaurin Albasa

Ɗiyata tana da shekara tara likita a Sakkwato ya ce ciwon suga gare ta. Ni aji huɗu na tsaya a boko na bi babana kasuwar albasa, amma na riƙe abin da likitan ya faɗa: allura kullum, abinci da ƙa'ida, kuma a bar ta ta motsa jiki.

Na ƙarshen ne ya gagara. Muna dawowa Illela, Inna mahaifiyata ta shimfiɗa mata tabarma, ta hana ta ɗaukar ko buta. A wurinta marar lafiya kwanciya yake yi. Maƙwabta suka janye 'ya'yansu, wai kada ta faɗi a hannunsu. Yarinyar da ba a kamo ta a tsallen igiya, sai ga ta zaune tana kallon bango. In na huda yatsanta na gwada, sugan yana sama.

Rannan bayan la'asar na ɗauko igiyar ɗaurin buhu, na ɗaure baki guda a turken akuya, na riƙe ɗayan.

"Taso ki yi tsalle."

"Baba, kai za ka kaɗa?"

"Kin ga wani a nan?"

Inna ta leƙo. "Mi kaka yi haka? Kashe mani jika za ka yi?"

"Inna, likita ya ce."

"Likita ya haife ka?"

Ban iya kaɗawa ba. Igiyar ta yi ta dukan ƙwaurinta, tana dariya tana cewa, "Da wuyan hannu ake yi, Baba, ba da kafaɗa ba!" Rabona da jin dariyarta tun kafin asibiti.

Sau ɗaya na yi wauta. An yi mata allura, ba ta ci abin kirki ba, na bar ta ta yi ta tsalle. Sai gumi da karkarwa, sugan ya yi ƙasa sosai. Dabino na tura mata a baki har ta dawo daidai. Inna ta kwana uku ba ta amsa gaisuwata. Daga nan sai na gwada sugan kafin mu fara, dabino kuma yana aljihu.

Labari ya kai kasuwa. "Alhaji, yaushe za ka koya muna tsalle?" Ƙattai da gemu, ba wanda ya taɓa cewa ya jikin yarinya. Har yau ba na zama rumfarsu.

Shekara biyu muka yi haka, ƙura na tashi, akuya na kallonmu. Sugan ya lafa, ba kullum ba, amma ya lafa.

Wata la'asar na ɗauko igiya, ta ce, "Baba, na girma." Ta riga ta shirya da uwarta, za su riƙa zuwa gidan gwaggonta a ƙafa su dawo. Yanzu tana karatu a Sakkwato, da kanta take yi wa kanta allura. Abin da na roƙi Allah ke nan. Amma ranar na ji haushi, na shiga ɗaki ban ce mata a dawo lafiya ba.