Shekarar da Gyaɗa Ta Bushe

Tun daga zaure gabana ya faɗi, don ban ji ƙanshin ƙuli-ƙuli ba. Dawowata ke nan hutu daga makarantar koyon aikin ungozoma a Sakkwato. Na shiga na iske kaskon suyar Inna a kife jikin katanga, kaji na hawa kansa.

Wannan kaskon shi ke riƙe da karatuna. Inna da matan unguwarmu a Kamarawa sun yi ƙungiya, wani ƙaramin banki ya ba su rance. Ita ta zuba nata a kuɗin makarantata, tana biya duk mako da ribar mai da ƙuli. Sharaɗin kuwa, in ɗaya ta kasa, an rufe wa kowa ƙofa. Shekarar nan ruwa ya ɗauke tun gero bai fidda kai ba, gyaɗa ta bushe a ƙasa. Inna ta ce ta daɗe ba ta kai komai ba, kuma ma'aikacin bankin ya ce Alhamis zai zo jin magana ta ƙarshe.

Na daina zuwa rijiya. Gani nake duk matar da ta dube ni, jarinta take hange a jikina. Na fara lallashin raina da zaman gida.

Ana gobe zai zo, Inna ta aike ni wurin Gwaggo, uwar ƙungiyar, in ba ta haƙuri, ita kunya ta hana ta. Ina durƙusawa idona ya kai kan jerenta. Kwanonin nan da take gogewa duk Juma'a, ga gurbi nan, ga gurbi can. Mu a wurinmu mace ba ta taɓa jere sai ciwo ya ci ƙarfin gida. Na tambaye ta wa ke kwance.

Ta yi dariya har da tari. Ta ce kowace mace a ƙungiyar ta cire abin da ta iya, an kai kasuwar Bafarawa, sun riga sun cike wa Inna kuɗin bankin. Sun hana a gaya mata ne don sun san halinta, ba za ta yarda ba.

Na fashe da kuka, na ce za ni biya su.

"Tashi, ɗiyata, kar ki jiƙa mini tabarma," in ji ta. "Koma ki gama karatunki. Mun gaji da ɗaukar mai naƙuda a babur zuwa asibitin Isa. Amma ranar da jikata ta zo hannunki, kika yi mata tsawa, ni da ke ne."