Bangon da Kika Ce Zai Faɗi, Yaya Injiniya

Ranar Talata, sha biyu ga watan Agusta, da hantsi, ina ɗakin gwaji direban ofishinmu ya faɗo ko sallama babu, jikinsa duk laka. Ya ce bangon babbar magudanar ruwa ya rufta da ke, an ciro ki, amma rai ya yi halinsa. Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Na yarda kwana ne ya ƙare, Yaya Injiniya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a laɓe bayan ƙaddara a binne abin da aka yi miki.

Ke ce shugabar sashen tsara magudanun ruwan sama na birnin nan, ni kuwa mai gwajin ruwa a ƙarƙashinki. Ranar da na kama aiki ba ki bar ni na ɗumama kujera ba. Kika miƙo min takalmin roba, muka bi ruwa da ƙafa tun daga unguwannin kan tudu har bakin kogi. Kika nuna min inda baƙin man gareji ke shiga kwata, da inda jinin mayanka ke haɗuwa da ruwan rini, da kwalbatocin da leda ta shaƙe. A ƙarshe kika tsaya kan bututun da ke zuƙo ruwan famfon gari, kika ce, “Ƙanena, duk abin da idonka ya gani yau, jibi yana cikin butar gidanku.” Ranar na kasa cin abinci, ke kuwa kina ta yi min dariya.

Masu ƙin ki a ofis suka sa miki Uwar Kwalbati don su muzanta ki. Kika karɓe sunan, har da shi kike amsa waya.

Ba ki taɓa farawa da rufe wa talaka sana'a ba. Lokacin da aka ce ki kulle garejin makanikai, sai kika je kika zauna a kan tsohuwar taya, kika saurare su. Kika samo musu duro na tara baƙin mai, da wanda zai riƙa zuwa yana kwashewa. Su ne suka bar aikinsu suka tone ki da hannu a cikin laka, shugabansu yana kuka kamar yayarsa ce ciki ɗaya.

Shekaru kika yi kina zana tsarin da zai kare kogin: a sa raga a bakin magudanai, a haƙa tafkunan da ruwa zai tsaya datti ya kwanta, kuma a bar fadamar ƙasan gari yadda Allah Ya yi ta, domin ita ce ke rage wa ruwa gudu, take tace shi. Birnin ba shi da ikon zuba ruwansa a kogi sai da lasisin hukumar kula da koguna, ita kuma ba ta sabuntawa sai ta ga sakamakon gwaji. A nan rigimar ta soma. A gabana Daraktan ofishinmu ya ce ki ɗebi ruwan gwaji bayan an jera kwanaki ba a yi ruwan sama ba, lokacin da datti bai taso ba.

Kika ce, “Ranka ya daɗe, doka ta ce ruwan farko, wanda ya wanko titi. Shi mutane ke sha.”

Ya ce, “Ke kaɗai ce mai tsoron Allah a ginin nan?”

Kika ƙi sa hannu a kan irin gwajin da yake so.

Daga nan aka juya miki baya. Aka yanka fadamar aka ba wani ɗan kwangila ya cike ta da ƙasa, ya dasa shaguna. Ruwan da ya rasa wurin hutawa ya koma yana dukan bangon babbar magudana. A kowane taro sai kin ce bangon nan ba zai kai ƙarshen damina ba, su kuwa suna duban agogo. Suka kwashe ma'aikatanki suka kai wasu sassa. Igiya da bel ɗin tsaro da kika nema, har kika bar duniya ba a saya ba. Shi ya sa da safen nan, ruwa yana tsagaitawa, ke da kanki kika sauka ɗibar ruwa, daga ke sai direba.

Abin da ya fi ƙona min rai ya faru a gidan makoki. Darakta ya zo da masu ɗaukar hoto, ya ce birni ya yi rashin jaruma, kuma za a sa wa sababbin shagunan nan sunanki. Shagunan da aka gina a kan fadamar! Maigidanki, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya miƙe ya ce, “Ku bar min sunan matata. Ba ku ji maganarta tana da rai ba, kada ku manna ta a jikin abin da ya kashe ta.” Darakta ya nemi takalmansa.

Kwalaben da kika riga kika cika, direba ya tsince su a gefen magudana. Na gwada su, na kai sakamakon hukumar koguna da hannuna. Sun ƙi sabunta lasisin, sun ce sai an dawo da tsarinki. An kira ni sama an ce in yi hankali da aikina. Na ji.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya Injiniya, Ya yafe kurakuranki, Ya yalwata makwancinki, Ya karɓe ki cikin shahidai. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, da 'yan matanki biyu, da mahaifiyarki Inna, wadda har yanzu take tambayar wa ya bar ki kika sauka ke kaɗai. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da kika bari. Waɗanda suka san amsar tambayar Inna kuwa, ban roƙa musu sharri ba. Na bar su da Wanda ba a kai wa sakamakon ƙarya.