Farin da ya fito a hannun Yaya Sale

Shekara shida ke nan da muka kai Yaya Sale makwancinsa, amma sai watan jiya na san abin da na yi masa.

Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, mai tsire a unguwar New Bell. Ciwon ya faro da baƙin tabo a tafin ƙafarsa. Likita ya ce sankarar fata ce, kuma ta shiga ciki. Wani ɗan'uwanmu da ke Turai ya riƙa aiko da magani, ana sa masa shi ta ƙarin ruwa duk bayan mako uku. Ni nake kai shi asibiti a babur.

Da aka yi watanni ya ji ƙarfi, ya koma bakin tukuba. Sai fari ya fito masa a yatsu, ya hau bayan hannu, ya zagaye leɓe. Masu saye suka ja baya. A majalisarmu, inda muke haɗa hannu a faranti ɗaya tun muna samari, wani ya ce, “Sale, yau dai da cokali za ka ci, mon frère, ɗan'uwana.” Aka yi dariya, har da ni.

Ni na fara cewa kuturta ce, maganin Bature ya ƙona masa jini. Ya ce, “Kai Garba, ni fa sauƙi nake ji.” Na ce sauƙin da zai sa a guji hannunsa a masallaci ba sauƙi ba ne. Na daina kai shi asibiti. Daga can aka kira ni sau biyu, ban ɗauka ba. Na kawo masa jiƙe-jiƙe, ya sha don kada raina ya ɓaci. Bai cika shekara ba.

Yanzu 'yarsa Hajara tana karatun aikin jinya. Watan jiya ta same ni a rumfata ta yadi a kasuwar Mboppi. Ta ce an koya musu cewa irin maganin nan garkuwar jiki yake zugawa ta yaƙi sankarar, wani lokaci sai ta haɗa da abin da ke sa fata baƙi, wurin ya yi fari. Sau da yawa wannan farin alama ce magani ya kama.

“Baffa, to me ya sa likitoci suka tsayar wa Baba da shi?”

Yadin da nake aunawa ya suɓuce daga hannuna. Ashe albishir ne Allah ya rubuta a fatarsa, ni kuma na karanta masa shi a matsayin abin kunya. Rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa ya fi muni, domin matambayi ba ya ɓata, ni kuwa ban tambaya ba. Na san ajali ba ya wuce ranarsa, kuma ba wanda ya ce lalle da ya warke. Wannan bai wanke ni ba.

Da zai dawo yau, na san dariya zai yi ya ce, “Garba sarkin likitoci.” Bai taɓa riƙe mutum a zuci ba. Haƙurin nan shi ne abin da ya bari, kuma na gan shi a fuskar 'yarsa da na gaya mata ba likitoci ba ne, ni ne. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Allah ya jiƙan Baba,” ta tafi.

Har yau ba ta sake takowa rumfar ba, ni kuma ban ga laifinta ba.